RA'AYI: Daga Kuta zuwa Kwatano, wa ke da hurumin tura soja fagen daga?

Ranar Litinin, 14 ga Agustan 2023, wani jirgi mai saukar ungulu samfurin MI-171 na Rundunar Sojin Sama ya faɗi kusa da ƙauyen Chukuba da ke Ƙaramar Hukumar Shiroro a Jihar Neja. Jirgin ya taso ne daga Zungeru, ɗauke da gawarwaki da kuma sojojin da suka jikkata a kwanton ɓaunar da 'yan bindiga suka yi musu a hanyar Zungeru zuwa Tegina. Bayan 'yan kwanaki Hedikwatar Tsaro ta bayyana cewa sojoji 36 ne suka rasu, tsakanin kwanton ɓaunar da faɗuwar jirgin.

Kwana huɗu kafin wannan rana, shugabannin ƙasashen ECOWAS sun zauna a Abuja, suka ba da umarnin a shirya dakarun ko-ta-kwana domin mayar da Mohamed Bazoum kan mulki a Jamhuriyar Nijar. Kwana uku bayanta kuma hafsoshin tsaron ƙungiyar suka hallara a birnin Accra suna tsara yadda za a shiga Yamai. Mutumin Kuta, hedikwatar Shiroro, wanda makarantar firamaren garinsa ta cika da 'yan gudun hijira, yana da dalilin da zai sa ya tambaya: da waɗanne sojoji za a yi wannan tafiya, da kuɗin wa, kuma wa aka shawarta?

Amsar tambaya ta ƙarshe tana rubuce a Kundin Tsarin Mulkin 1999. Matsalar ita ce, amsar ta rufe ƙofa ɗaya ta bar biyu a buɗe, kuma ta ƙofofin nan biyu ne yaƙi ya fi shigowa.

Abin da doka ta ce

Sashe na 5, ƙaramin sashe na 4, ya gindaya sharuɗɗa biyu. Na farko, shugaban ƙasa ba zai ayyana yaƙi tsakanin Najeriya da wata ƙasa ba sai da ƙudurin majalisun tarayya biyu a zaman haɗin gwiwa. Na biyu, ba za a tura ko da soja ɗaya aikin yaƙi a wajen Najeriya ba sai Majalisar Dattawa ta riga ta amince.

Ƙaramin sashe na 5 sai ya kawo sassauci. Idan shugaban ƙasa ya gamsu cewa tsaron ƙasa na fuskantar barazanar da ke daf da aukuwa, yana iya tura sojoji wani taƙaitaccen aikin yaƙi a waje bayan ya shawarci Majalisar Tsaro ta Ƙasa. Sai dai wajibi ne ya nemi yardar Majalisar Dattawa cikin kwana bakwai da fara fafatawa, ita kuma ta amince ko ta ƙi cikin kwana 14.

Tarihin waɗannan layuka ya ratsa ta Minna. A watan Agustan 1990 sojojin Najeriya suka sauka a Monrovia ƙarƙashin rundunar ECOMOG, a zamanin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da babu wata majalisar da jama'a suka zaɓa a tarayya. Daga Laberiya aka zarce Saliyo a zamanin Janar Sani Abacha. An kashe biliyoyin daloli, an rasa ɗaruruwan sojoji, kuma babu wakilin wata mazaɓa da ya taɓa ɗaga hannu domin amincewa ko ƙin amincewa. Ana iya yaba wa abin da sojojin suka yi a ƙasashen biyu, kuma akwai abin yabawa. Amma iyalan waɗanda ba su dawo ba, ba su da wanda za su tuhuma a akwatin zaɓe. Shi kuwa kundin da ya sanya wa shugaban ƙasa wannan takunkumi, wani ɗan Minna ne ya rattaba masa hannu, Janar Abdulsalami Abubakar, kafin ya miƙa mulki ranar 29 ga Mayun 1999.

Makon da Majalisar Dattawa ta taka burki

Ranar 26 ga Yulin 2023 dakarun fadar shugaban ƙasa a Yamai suka tsare Bazoum, Janar Abdourahamane Tchiani ya ɗare kan mulki. Ranar 30 ga wata ECOWAS, wadda Shugaba Bola Tinubu ke jagoranta a lokacin, ta ba sojojin wa'adin kwana bakwai su mayar da shi, ko a yi amfani da ƙarfi. An rufe iyakoki, an kuma yanke wutar lantarkin da Najeriya ke ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi.

Ranar Juma'a, 4 ga Agusta, Shugaban Majalisar Dattawa Godswill Akpabio ya karanta wasiƙar shugaban ƙasa da ke zayyana matakan ECOWAS, har da shirin amfani da soja. Ƙungiyar Sanatocin Arewa, ta bakin kakakinta Sanata Suleiman Kawu Sumaila, ta fito fili ta ƙi yarda da zaɓin yaƙi, tana tunatar da cewa jihohi bakwai ne ke kan iyaka da Nijar: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Washegari, bayan zaman sirri, majalisar ta shawarci shugaban ƙasa da takwarorinsa da su ƙarfafa hanyoyin siyasa da diflomasiyya.

Wannan matsaya ta yi daidai. Iyakar ƙasashen biyu ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma ta ratsa ta tsakiyar dangi ne. Katsina da Maraɗi, Daura da Damagaram, Illela da Birnin Ƙonni, kasuwa ɗaya suke ci, aure ɗaya suke yi. Matsayar majalisar ta ba masu sulhu sarari. Tawagar Abdulsalami da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, wadda ta dawo ba tare da ganin Tchiani ba a zuwan farko, ta koma ranar 19 ga Agusta ta gana da shi, ta kuma ga Bazoum. A tsakanin zuwan biyu Sarki Muhammadu Sanusi II ya je, malamai ƙarƙashin jagorancin Sheikh Abdullahi Bala Lau ma sun je. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba.

To amma a lura da yadda abin ya ƙare. Akpabio da kansa ya bayyana cewa shugaban ƙasa bai nemi izinin shiga yaƙi ba. Ke nan majalisar ba ta kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa ba, shawara ta bayar, kuma a bayan ƙofa aka yi muhawarar. Har yau mutumin Neja ta Gabas ba shi da wata takarda a hukumance da za ta nuna masa wanda ya goyi bayan yaƙi da wanda ya ƙi. Kwana biyar bayan shawarar kuma aka ba da umarnin shirya dakarun ko-ta-kwana a Abuja. Abin da ya hana yaƙin shi ne matsin lambar jama'a, sarakuna da malamai, da kuma nauyin tafiyar kanta. Ƙasa ba ta dogara da sa'a irin wannan sau biyu.

Ƙofa ta farko: a tura, sannan a tambaya

A watan Janairun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya rubuta wa Majalisar Dattawa, ta amince da tura sojoji 1,200 zuwa Mali. A Janairun 2017 aka tura jiragen yaƙi da dakaru domin tilasta wa Yahya Jammeh sauka a Gambiya, har aka yi taƙaddama a zauren majalisar kan ko an tsallake ta. Ranar Lahadi, 7 ga Disamban 2025, wasu sojoji suka bayyana a gidan talabijin na Jamhuriyar Benin suka ce sun kifar da Shugaba Patrice Talon. A ranar jiragen yaƙin Najeriya suka kai ɗauki Kwatano bisa roƙon gwamnatin ƙasar. Ranar Talata, 9 ga wata, aka karanta wasiƙar shugaban ƙasa a Majalisar Dattawa, a ranar kuma aka amince.

Ta fuskar lissafin kwanaki, an cika wa'adin doka a batun Benin. Juyin mulkin bai yi nasara ba, kuma mutane da yawa za su ce madalla. Amma tambayoyin da sashen ya tanada ba su samu amsa a bainar jama'a ba. Ƙaramin sashe na 5 yana magana ne a kan barazana ga tsaron Najeriya. Shin roƙon wata gwamnati maƙwabciya ya wadatar a matsayin hujja? Mece ce iyakar aikin da za a kira taƙaitacce, mako ɗaya ko shekara biyu? Kwana bakwai ɗin suna fara ƙirguwa ne daga fara fafatawa, to idan sojoji suka yi wata shida a wata ƙasa ba su yi harbi ba fa? Kuma idan Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa, ko ta yi shiru har kwana 14 suka wuce, kundin bai faɗi ranar da sojojin za su dawo gida ba.

Duk sanatan da aka kawo wa takarda bayan jirage sun riga sun tashi, ba shi da cikakken zaɓi. Ƙin amincewa a wannan gaɓa za a fassara shi da juya wa sojan da ke bakin daga baya. Shi ya sa izinin da ake nema bayan an fara ya fi kama da sanarwa.

Ƙofa ta biyu: yaƙin cikin gida

Wannan ita ce ƙofar da ta shafi Kuta kai-tsaye. A watan Afrilun 2021 Gwamna Abubakar Sani Bello ya shaida wa duniya cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure, cikin Shiroro. A ƙarshen Yunin 2022 aka kai hari wurin haƙar ma'adinai a Ajata Aboki, aka kashe sojoji da 'yan sanda, aka sace ma'aikata har da 'yan ƙasar Sin. A Afrilun 2024 sojoji suka janye daga Allawa bayan wani kwanton ɓauna, mutanen garin suka bi bayansu da ƙafa, suka watsu zuwa Erena, Gwada da Kuta. Wannan duka a ƙaramar hukumar da ke ɗauke da madatsar ruwan Shiroro mai ƙarfin megawat 600, wadda ke cikin masu haska ofisoshin Abuja.

Da jirage ake wannan faɗa, da bama-bamai, da bataliyoyi. Kowane ma'auni aka ɗauka, yaƙi ne. Amma tunda ba a tsallaka iyaka ba, Sashe na 5 bai shafe shi ba. Sashe na 217 ne ya ba shugaban ƙasa damar kiran soja domin murƙushe tawaye da taimaka wa hukumomin farar hula, bisa sharuɗɗan da Majalisar Tarayya za ta gindaya ta hanyar doka. Sashe na 218 ya ƙara da cewa majalisar na da ikon yin dokar da za ta tsara yadda shugaban ƙasa zai yi amfani da ikonsa na Babban Kwamandan Askarawa. Kundin ya miƙa wa majalisa linzami a hannu. Dokar Rundunonin Soja da ake aiki da ita kuwa gadon mulkin soja ce, ta mayar wa shugaban ƙasa ikon yanke yadda za a yi amfani da dakaru, kuma majalisun da suka biyo baya ba su ɗora mata sharuɗɗan da za su tilasta kawo rahoto a kan kari ba.

Sakamakon wannan sakaci a bayyane yake. Mazauna Kurebe sun ce harin jirgi ya kashe musu yara a Afrilun 2022. A Janairun 2023 wani harin sama ya faɗa kan 'yan sa-kai da mafarauta a yankin Galadima Kogo. Ranar 3 ga Disamban 2023 jirgi maras matuƙi na Rundunar Sojin Ƙasa ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ƙirga mutum 85. A kowane karo ana jajantawa, ana alƙawarin bincike, wani lokaci 'yan majalisa su kai gudummawa. Abin da babu shi ne dokar da za ta wajabta wa rundunar ajiye cikakken rahoto a gaban wakilan jama'a cikin ƙayyadaddun kwanaki, ko an so ko ba a so.

Janye soja ma hukunci ne mai nauyi kamar tura shi. Mutumin Allawa da ya bar doyarsa a gona ya kwana a ajin makaranta ya cancanci a samu wani zaure da za a tambayi wanda ya ba da umarnin janyewar, da abin da aka tanada domin kare waɗanda aka bari.

Hujjar masu cewa a bar shugaba ya yi aikinsa

Masu adawa da ɗaure hannun shugaban ƙasa suna da hujjoji uku, kuma babu ta wasa a cikinsu. Ta farko ita ce gaggawa: juyin mulki a Kwatano ba zai jira majalisa ta dawo daga hutu ba. Ta biyu sirri: abin da mutum 109 suka ji da safe, abokan gaba za su ji kafin la'asar. Ta uku alƙawari: Najeriya ta sanya hannu a yarjeniyoyin ECOWAS, ciki har da ta 2001 kan dimokuraɗiyya da shugabanci nagari, don haka bai kamata ta noƙe ba.

Gaggawa kundin ya riga ya yi mata tanadi, kuma babu mai hankalin da zai nemi a soke shi. Abin nema shi ne a sanya wa tanadin iyaka ta kwanaki. Sirri kuwa ya shafi dabarun fagen daga ne: ta ina za a bi, da ƙarfe nawa. Manufar tafiya, kuɗinta da ranar dawowa haƙƙin mai biyan haraji ne da mahaifiyar soja. Batun alƙawari kuma Sashe na 12 ya warware shi, domin yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka a Najeriya sai majalisa ta mayar da ita doka, kuma Sashe na 1 ya ɗora kundin a kan kowace doka. Sanarwar bayan taron shugabanni ba ta maye gurbin ƙuri'ar sanatoci.

Akwai hujja ta huɗu da ba a cika faɗa da ƙarfi ba, wato ita kanta majalisar ba abar dogaro ba ce. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya. A 2018 aka biya dala miliyan 496 domin sayen jiragen Super Tucano 12 kafin a nemi amincewarta, aka yi hayaniya a zaure, maganar ta mutu. A watan Maris na 2025 aka amince da dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas da ƙuri'ar murya, alhali Sashe na 305 yana buƙatar kashi biyu cikin uku na dukkan mambobin kowace majalisa, adadin da kunne ba ya iya ƙirgawa. Sai dai raunin mai gadi dalili ne na gyara aikin gadi. Ba a cire ƙyauren gida saboda mai gadi na gyangyaɗi.

Darasin wasu ƙasashe

Bayan ɗacin yaƙin Vietnam, majalisar Amurka ta kafa dokar ikon yaƙi a 1973, duk da Shugaba Richard Nixon ya hau kujerar na-ƙi. Dokar ta ce a sanar da majalisa cikin awa 48, a kuma janye dakaru bayan kwana 60 idan ba a samu izini ba, da ƙarin kwana 30 na janyewa. Shugabanni sun sha kewaye ta. Izinin da aka bayar a 2001 bayan harin 11 ga Satumba ba shi da ranar ƙarewa, aka yi ta miƙa shi daga ƙasa zuwa ƙasa. Da aka kashe sojojin Amurka huɗu a Tongo Tongo ta Nijar a Oktoban 2017, wasu manyan sanatocin ƙasar sun amsa cewa ba su san yawan dakarunsu da ke can ba. Darasin shi ne, izinin da ba shi da wa'adi ya kan rayu fiye da dalilin da ya sa aka ba da shi.

A Birtaniya, ranar 29 ga Agustan 2013, majalisar wakilai ta ƙi amincewa da kai hari Siriya da ƙuri'a 285 a kan 272, Firaminista David Cameron ya haƙura. Kowane ɗan ƙasa na iya duba sunan wakilinsa ya ga ɓangaren da ya tsaya. A Faransa, tun gyaran kundin 2008, gwamnati na sanar da majalisa cikin kwana uku, kuma sai da izininta aikin soja a waje zai wuce wata huɗu. A Jamus, tun hukuncin kotun tsarin mulki na 1994, majalisa ce ke amincewa da tura dakaru masu makami waje, kuma ana sabunta izinin lokaci-lokaci.

Shawara kafin yaƙi ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. Tun zamanin Muhammadu Rumfa Kano ke da majalisar Tara ta Kano, Gobir ma tana da tata. Duk ɗalibin sira kuma ya san cewa kafin Uhudu sai da aka zauna aka yi shawara kan a tsaya cikin Madina ko a fita.

Abin da ya kamata a yi

Gyaran bai buƙatar taɓa kundin tsarin mulki. Sashe na 217 da na 218 sun isa a kafa doka guda da za ta ƙunshi abubuwa biyar. Ɗaya, duk lokacin da aka tura soja waje, da kowane suna aka kira aikin, a kai wa majalisun biyu rubutaccen bayani cikin awa 48, mai ɗauke da manufa, adadin dakaru, kiyasin kuɗi da asusun da za a ciro shi. Biyu, kowane izini ya zo da ranar ƙarewa, kuma shirun majalisa ya zama ƙin amincewa, tare da wa'adin janyewa. Uku, ƙuri'a kan yaƙi da dokar ta-ɓaci ta kasance ta kiran suna, a wallafa ta. Huɗu, manyan ayyukan soja na cikin gida su riƙa zuwa gaban majalisa duk wata shida domin bita, da lissafin waɗanda aka rasa da kuɗin da aka kashe. Biyar, duk harin da ake zargin ya taɓa farar hula, a ajiye rahotonsa cikin kwana 30, tare da tsarin biyan diyya da doka ta tanada.

Nauyin wannan aiki ba a kan sanatoci kaɗai yake ba. Wasiƙar da ake karantawa a zaure, wani ma'aikaci ne ya tsara ta a fadar shugaban ƙasa ko Ma'aikatar Tsaro. Wani lauya a Ma'aikatar Shari'a ne ya duba ta. Wani akawun kwamiti ne ke shirya jadawalin zama, wani hadimi ne ke rubuta wa mai gidansa tambayoyin da zai yi. Hadimin da ya saka tambaya ɗaya a takardar mai gidansa, wato yaushe za su dawo kuma nawa za a kashe, ya yi wa ƙasa aikin da ya fi dogon jawabi amfani. Darakta da ya rubuta a gefen fayil cewa wannan mataki na buƙatar amincewar majalisa tukuna, ya kare shugaban da yake yi wa aiki daga kuskuren da tarihi ba ya yafewa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, juyin mulki ya sake zama ruwan dare a yankin, kuma babu tabbacin cewa wasiƙa ta gaba za ta zo a ranar da majalisa ke zaune. Lokacin rubuta dokar shi ne yanzu da babu jirgin da ke jiran umarni. Kwamitocin tsaro na majalisun biyu kuma za su kyauta idan suka fara sauraron ra'ayin jama'a daga Kuta, a gaban mutanen Allawa da Kurebe da Galadima Kogo, waɗanda suka fi kowa sanin abin da ke biyo bayan umarnin da aka sa wa hannu a Abuja.